Mena da manyan ƙasashe: a rufe gida ko a fita a gwabza?



Akwai wata gardama da ba ta mutuwa a fadojinmu. Duk ranar da Mena za ta kara da wata babbar ƙasa, tun kafin shayin farko ya tafasa fada ta rabu gida biyu. Wasu su ce a koma baya a rufe gida, a bar musu balo su yi ta yawo da shi, in Allah ya ba mu sa'a guda mu jefa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wasu su ce wannan tsoro ne aka sa wa riga, in za a ci mu a ci mu muna wasa. Haka ake yi a gidajen kallo in ƙaramar ekip ta je gidan Real ko Barcelona. An sha ɓatawa a kan wannan magana, har mun san abokan da suka yi kwanaki ba sa gaisawa. Shi ya sa yau muka ce bari mu ajiye ihu, mu bi tarihin ƙungiyarmu wasa bayan wasa, mu ga abin da ya nuna.

Ita dabarar rufe gida ba yau aka fara ta ba. Wani mai horarwa ɗan Ostiriya, Karl Rappan, shi ya shahara da ita a Switzilan tun shekarun 1930. Ya ga ƴan wasansa ba su kai na maƙwabta gwaninta ba, sai ya ja mutum guda ya ajiye shi bayan masu tsaron baya, ya zama mai share duk abin da ya kuɓuce. Sunan da aka ba dabarar a Faransanci da Italiyanci ma'anarsa sakata, irin wadda muke zura wa ƙofa da dare. Da ita Helenio Herrera ya ɗauki kofin Turai da Inter a 1964 da 1965. Samarinmu kuwa abin da suka fi kawowa shi ne Girka ta 2004, wadda ta doke Fotugal ɗaya da nema a wasan ƙarshe a gidanta, da kuma daren 2010 da Mourinho ya je Barcelona da Inter, aka kori ɗan wasansa guda, Samuel Eto'o da kansa ya koma yana tsaron baya kamar ɗan ƙwadago, suka wuce. To, wannan na Turai ne. Namu fa?

Kafin 2010 Nijar ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin Afirka ba. Mu da muka taso da rediyo a kunne mun saba: a ci mu a waje, mu yi ƙoƙari a Yamai, a ce sai wani jiƙon. Alamar farko cewa wani abu ya canza ta zo ne a farkon 2010, wajen neman shiga gasar CHAN ta ƴan wasan cikin gida. Mena ta ci Najeriya 2 da 0 a Yamai, ta je Kano ta riƙe su babu ci. Wannan canjaras na Kano shi ne hujja ta farko da ƴan rufe gida suke riƙewa, kuma gaskiyarsu ce: mai ƙwallo biyu a aljihu ba shi da dalilin buɗe ƙofa a gidan mutane. Sai dai a tuna, ƙwallayen nan biyu an ci su ne tukuna, sannan aka zura sakata.

Da aka raba rukunin neman zuwa CAN ta 2012, sai muka faɗa tare da Masar, Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ta wancan lokaci ba ta wasa ba ce. Ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010, ƙarƙashin Hassan Shehata, sau bakwai ke nan gaba ɗaya. Afirka ta Kudu kuma ba ta daɗe da karɓar baƙuncin kofin duniya ba. Wasan farko, a watan Satumba na 2010, suka ci mu 2 da 0 a gidansu, ba wanda ya yi mamaki.

Sai ranar 10 ga Oktoba, 2010, a filin Janar Seyni Kountché. Mai horarwa ɗan gida ne, Harouna Doula. A raga Kassaly Daouda, a gaba Moussa Maazou, dogon yaron nan mai gudu kamar an harbo shi, wanda ya buga a Lokeren da CSKA ta Mosko da Monaco da Bordeaux. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Maazou ya jefa ƙwallo a ragar zakarun Afirka, kuma har aka tashi ba su rama ba. Duk ɓangarorin fada biyu suna ɗaukar wannan wasa nasu ne. Ƴan rufe gida su ce ai kusan awa guda aka yi ana kare ƙwallo ɗaya. Ɗaya ɓangaren su ce da ba a je gidan Masar ba me za a kare? A ganinmu abin da wasan ya nuna shi ne mai tsare gida yana bukatar mutum guda a gaba wanda ake tsoro. Muddin Maazou yana tsaye kan layin tsakiya, masu tsaron bayan Masar ba za su iya tahowa duka ba. Sunan ƙungiyar ma ai daga barewar nan ta sahara aka samo shi, kuma ita ba ta da ganuwa, ƙafa gare ta.

Daga nan abin ya zama kamar an rubuta. A gida mu ci, a waje a ci mu. Mun ci Saliyo 3 da 1 a Yamai a watan Maris na 2011, suka rama 1 da 0 a Firitawun a watan Yuni. Ranar 4 ga Satumba muka ci Afirka ta Kudu 2 da 1, Koffi Dan Kowa da Maazou suka ci. Aka zo ranar ƙarshe muna da maki 9, Afirka ta Kudu da Saliyo suna da takwas-takwas.

A nan za mu ɗan daɗe, domin ranar 8 ga Oktoba, 2011, ita ce ranar da ya kamata duk mai wannan gardama ya haddace. Mena tana Alƙahira. Masar ta riga ta fita, don haka samarinta ta zubo. Suka yi mana 3 da 0. Cikin waɗanda suka ci har da wani yaro ɗan shekara 19 da ba mu taɓa jin sunansa ba, Mohamed Salah. Ƙwallonsa ta farko ke nan a babbar ƙungiyar ƙasarsa, kuma a ragarmu ya fara. Da yawa cikinmu mun kashe rediyo mun tafi sallah da sanyin jiki.

A daidai wannan lokaci, a garin Nelspruit, Afirka ta Kudu tana wasa da Saliyo, babu wanda ya ci. Labari ya isa bencinsu cewa ana cin Nijar. Mai horar da su, Pitso Mosimane, ya yi lissafi: in aka tashi haka, ƙasashe uku za su yi maki tara-tara, su kuma sun fi kowa rarar ƙwallaye, suna da biyu a sama, Nijar tana da biyu a ƙasa. Sai ya ce a rufe gida. Shi da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya bar ɗan gaba a benci ya sa ɗan tsakiya, don ya ɗauka canjaras ya ishe su. Golansu Itumeleng Khune ya yi ta cin lokaci. Alƙali ya busa tashi, ƴan wasa suka zagaya fili suna rawa, ƴan kallo suna busa vuvuzela, har shugaban hukumar ƙwallonsu ya fito a tele yana taya su murna.

Ashe ba su karanta doka ba. Dokar CAF ta wannan gasa ta ce in ƙungiyoyi suka yi kunnen doki a maki, ana fara duba wasannin da suka yi tsakaninsu ne, ba rarar ƙwallaye ba. A cire Masar a lissafa: Nijar ta ci Saliyo, ta ci Afirka ta Kudu, maki 6. Afirka ta Kudu nasara ɗaya da canjaras biyu, maki 5. Saliyo ma 5. Ƙungiyar da aka yi wa uku da nema a Alƙahira ita ce ta wuce, masu rawa suka koma gida murna ta koma ciki. Sun kai ƙara, daga baya suka janye, suka ba ƴan ƙasarsu haƙuri.

Kun ga abin mamaki. Tikitinmu na farko a tarihi, rabinsa mu muka saye shi da nasara uku a Yamai, rabinsa kuma wata ƙasa ce ta ba mu kyauta saboda ta rufe gida a ranar da ƙwallo ɗaya tak za ta kai ta. Kuma ba ƙaramar ƙungiya ba ce ke tsoron babba. Babba ce, a gidanta, gaban mutanenta. Ba mu san wani misali da ya fi wannan nuna cewa kafin a zura sakata sai an tabbata abin da ake karewa yana cikin ɗakin ba. A ƙarshen shekarar CAF ta zaɓi Harouna Doula gwarzon mai horarwa na Afirka. Daminar 2011 ba ta yi kyau ba a wurare da yawa na jihar Maraɗi, rumbuna ba su cika ba, amma wannan labari ya sa mutane dariya a lokacin da dariya ke da tsada.

To, an je. A Libreville ta Gabon, watan Janairu na 2012, aka sa mu da masu gida, da Tunisiya, da Maroko. Hukumar ƙwallo ta kawo Bafaranshe Rolland Courbis a matsayin mai ba da shawara, abin da ya jawo surutu sosai a lokacin, don mutane suna ganin wanda ya yi noma shi ya kamata ya yi girbi. Gabon ta ci mu 2 da 0, Aubameyang na cikin masu ci. Wasa na biyu, ranar 27 ga Janairu, shi ne wanda har gobe muke jin zafinsa. Tunisiya ta ci tun minti na huɗu ta ƙafar Youssef Msakni, kafin minti na goma William Ngounou ya rama da ka, ƙwallon Nijar ta farko a CAN. Ranar ba a ɓuya ba, an fita an gwabza, Maazou ya wahalar da su ƙwarai. Ana shirin tashi ɗaya da ɗaya Issam Jemaa ya ci. Maroko kuma ta ci mu 1 da 0, saura minti goma sha kaɗan, ta ƙafar Belhanda. Wasa uku, babu maki ko ɗaya.

Shekara ta zagayo muka sake samun tikiti, bayan Gini ta ci mu 1 da 0 a Konakiri mu kuma muka yi mata 2 da 0 a Yamai a watan Oktoba na 2012. Wannan karon Bajamushe Gernot Rohr ne mai horarwa, wanda daga baya ya riƙe Najeriya. Mutum ne mai son tsari da taka-tsantsan, kuma an gani a fili. A Port Elizabeth muka riƙe Mali har minti na 84, sai ƙwallo ta kuɓuce wa Kassaly, Seydou Keita ya tura ta raga. Bayan kwana huɗu, ranar 24 ga Janairu, 2013, shi dai Kassalyn nan ya hana Mbokani da ƴan Kwango sakat, aka tashi babu ci. Makinmu na farko ke nan a CAN, kuma har yau shi kaɗai ne. Gana ta rufe mu da 3 da 0. Muka dawo ba mu ci ko ƙwallo ɗaya ba.

A ajiye gasannin biyu kusa da juna. Wadda aka fi buɗe wasa: ƙwallo ɗaya, maki babu. Wadda aka fi tsarewa: maki ɗaya, ƙwallo babu. In aka tambayi fada wanne ya fi, nan ma sai a raba gari. Mu dai mun lura ko yaran da ba su kai shekara goma ba a lokacin sun san sunan Ngounou, amma ba kowa ke tuna da wa aka yi canjaras ɗin nan ba.

Wataƙila wannan yana da nasaba da yadda muka taso. Mu mutanen kokowa ne. Duk wanda ya taɓa zama a filin Kantu na Maraɗi, ko ya bi gasar takobi a tele, ya san yadda ƴan kallo ke yi wa ɗan kokowar da ke ja da baya yana kaɗe hannu ya ƙi kamawa. Alƙali ma gargaɗi yake ba shi, kuma gargaɗin nan yana iya kayar da shi ba tare da bayansa ya taɓa ƙasa ba. Idon da ya saba da wannan, in ya ga mutum goma sun taru bakin raga, zuciyarsa ba ta kwanciya ko da dabarar tana aiki. Amma ƙwallo ba ta da wannan doka. Ba a rage wa kowa maki don ya ƙi fitowa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu da muka jera wasannin nan shi ne lokacin da ake cin mu. Tunisiya a minti na ƙarshe. Maroko saura kaɗan. Mali saura minti shida. A je gaba: watan Oktoba na 2021 a Blida, Aljeriya ta tafi hutu da ƙwallo ɗaya kacal, aka tashi 6 da 1. Watan Maris na 2023, a Aljeriyar dai, Daniel Sosah ya fara ci, muka riƙe, suka rama, Riyad Mahrez ya ci ta biyu ana dab da tashi. Wannan ya wuce a ce rashin sa'a. Wanda ba ya riƙe da balo shi ke bin sa, kuma bi ya fi riƙewa gajiyarwa. Mai tsaron baya zai yi daidai sau talatin, kuskure ɗaya ya rushe duka. Sannan in an kai minti na saba'in, babbar ƙasa ta juya benci ta ɗauko ɗan wasan da ke bugawa a Faransa ko Ingila da sabuwar ƙafa, mu kuma wanda za mu sako sau da yawa bai kai wanda ya fita ba. Ƙofar tana da sakata, amma ginin da aka kafa ta a ciki na minti tamanin ne. Wannan kuwa ba a benci ake gyara shi ranar wasa ba. Ana gyara shi ne a gasar cikin gida mai tafiya kan lokaci, da abincin ƴan wasa, da filayen da yaranmu ke bugawa babu takalmi a bayan lakkwal.

Ga kuma wani abu da masu gardama ke mantawa. Duk nasarorin da suka kai mu CAN sau biyu a Yamai aka yi su, cikin zafinmu, gaban mutanenmu. A ƴan shekarun nan da CAF ta ce filin Seyni Kountché bai cika sharuɗɗa ba, wasanninmu na gida a ƙasashen mutane ake yin su: Berkane, Lome, Oujda. Ana ce wa mutum ya tsare gida alhali gidan ma na aro ne.

Duk da haka zamanin Badou Zaki ya ƙara wa gardamar itace. Shi tsohon gola ne, wanda ya tsare wa Maroko raga a kofin duniya na 1986, kowa ya ɗauka sakata zai ƙara. A neman CAN ta 2025 wasa huɗu na farko maki ɗaya muka samu. Da ya zama babu abin da za a kare, sai aka saki ƙafa: ranar 14 ga Nuwamba, 2024, Mena ta yi wa Sudan 4 da 0 a Lome, bayan kwana huɗu ta je Accra ta ci Gana 2 da 1, Oumar Sako ya ci ta biyu a ƙarin lokaci, Mohammed Kudus ya ɓarar da fenariti. Muka ƙare da maki 7, Sudan ta wuce da 8. Ƴan a fita a gwabza suka samu abin faɗa: da tun farko haka aka yi fa?

Ba a yi wata biyar ba ɗaya ɓangaren ya samu nasa. Ranar 21 ga Maris, 2025, a Oujda, wasan neman zuwa kofin duniya, wai mu ne masu gida a cikin ƙasar Maroko, ƙasar da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Ƙatar a 2022, ita ma da tsare gida ta fitar da Sifen da Fotugal. Da dawowa daga hutu Youssouf Oumarou ya ci. Saibari ya rama. Aka shiga ƙarin lokaci ɗaya da ɗaya, sai Bilal El Khannouss ya ci. A Rabat a watan Satumba aka kori ɗan wasanmu guda tun kafin hutu, suka yi mana biyar. Amma Mena ta ci sauran wasanninta uku, har da Zambiya a Ndola, ta ƙare ta biyu a rukuni da maki 15.

Cikin ƙasashen da suka zo na biyu, huɗu ake ɗauka su je wasan cike gurbi. Gabon na da 19, Kwango 16. Kamaru, Najeriya, Burkina Faso da Nijar duk sha biyar-sha biyar a lissafin CAF. Wannan karon rarar ƙwallaye aka duba, abin da Mosimane ya zata a 2011, kuma tamu ɗaya ce tak, Najeriya na da bakwai. Da an riƙe canjaras ɗin nan na Oujda na minti biyu ko uku da suka rage, da maki 16 gare mu, da mu ne a cikin huɗun, Najeriya a waje.